Yadda Na Kai Yatsan Kaka Bakura

Shekarar da kunamar bindigar Kaka ta karye, gona ɗaya ta rage muna. Sauran suna can cikin daji, inda yanzu ko akuya ba ta zuwa kiwo sai an yi shawara. Wadda ta rage ita ce ta bakin ruwa kusa da Faru, shinkafar rani, kuma a lokacin ta yi nono. In shinkafa ta yi nono, ƙwayar ba ta yi tauri ba, ka matsa ta sai farin ruwa ya fito, to a nan jan-baki ke sauka. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, sai dai ba shi zuwa shi kaɗai. In sunka taso daga nesa ka ce wani ya sa ma daji wuta. Kwana goma sha huɗu ya rage a yi yanka. Abincin gidan na shekara ke nan tsaye cikin ruwa.

Ni lokacin ina kabu-kabu da babur tsakanin Mafara da Bakura, wani zubin har Maradun in hanya ta yi daɗi. Makaranta kuwa a aji uku na bar ta. Ba korata anka yi ba, mun dai dubi juna ni da ita munka ga ba mu dace ba.

Kaka uban mahaifiyata ne, tsohon maharbi. Bindigarshi adaka ce, irin wadda ake ɗura ma ta baki, kuma ta girmi uwata. Ya daɗe da barin farauta. Albarushi da tsumma kawai yake sa mata yanzu, ba harsashi, don ƙara ake so. In ya ja kunama, wato ɗan ƙarfen nan da ake ja da yatsa bindiga ta tashi, sai ta ce dum, jan-baki su watse su koma gonar wanda Allah ya nufa. Gwangwani da ihu sun saba da su. Bindiga ce kaɗai suke ba girma.

Kakata ce ta kira ni ranar Litinin. Ni amaryata nake ce mata, ita ta ce mini ango.

"Ango, kana ina? Kishiyata ta zubar da haƙori."

"Wace kishiya kuma? Tsohon ya ƙara aure ban sani ba?"

"Bindiga, sakarai. Taho maza, muryarshi ta dishe."

Na iske shi ƙarƙashin 'yar rumfar kara da ya kafa tsakiyar gona, yana jan igiyoyin da anka ɗaura ma gwangwanaye, yana ihun da ba ya fita. Munka gaisa, ya gida, ya gajiya, ya mutanen Mafara, ya uwarka, sannan na ce, "Tsoho, wanga ihu naka ko kaza ba ta tashi."

"Ja'iri. Da kakanka na da murya da ka ji."

Ya ciro kunamar daga aljihu, ta rabe biyu. Ya ce in kai ta Bakura wajen tsohon maƙerin da ya ƙera ta tun farko. Ita bindigar ba maganar ɗaukarta. A zamanin nan ka goya bindiga bisa babur, ko ta kakan kakanka ce, shingen farko za ka yi bayanin da ba ka iya ba.

Na ce to da baki. A zuci kuwa na riga na yi wani lissafi. Maƙeri sai ya ja rai, sai ya ce dawo jibi, kuma aikin hannu da tsada. Gobe Talata, kasuwarmu ta Mafara na ci, mi ne babu a ciki? Ga shi kuma ina da ilimi. A waya na taɓa kallon wasu Turawa masu jan wuya suna zaɓar ma bindigoginsu kunama, irin bindigogin nan masu ɗura kansu da kansu. Sun jera su bisa tebur kamar masu tallar agogo, wagga mai tsada, wagga mai araha. Ban ji Turancin duka ba, amma na kama abu ɗaya: duk wadda ta fi laushi ita suke ɗaga ma babban yatsa. Na ce ashe sirrin ke nan, maƙeran ƙauye ne ba su waye ba.

Da safe na tahi layin 'yan ƙarafa. Akwai wani mai sayar da tarkon gafiya, kwaɗo da ƙusoshi, wanda in ka ce kana son haƙorin jirgin sama sai ya ce zauna a duba. Na nuna mishi karyayyar. Ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur ya zazzage. Guda uku sunka yi kama da tamu. Ɗaya baƙa mai kauri, ɗaya duk tsatsa, ɗaya siririya tana ƙyalli.

"Wacce ta fi laushi?" na ce, ina ɗaure fuska irin ta masani.

"Kai ɗan gari ne," ya ce. Ya ɗaga mai ƙyallin. "Wagga ƙuda ya sauka kanta sai ta tashi."

Da mai hankali anka gaya ma haka, da ya aje ya tahi. Ni sai na ji kamar an yabi budurwata. Kuɗin fasinja biyu na ba shi, har ina jin na cuce shi.

Kafin azahar ina Faru. Kaka ya karɓa ya juya ta a hannu.

"Wagga daga Bakura?"

"Daga gaban Bakura. Ta zamani ce, Tsoho. Ba ruwanka da wahala."

"Ɗan kunne ne ko kunama?"

Amma jan-baki na bisa kai, ba lokacin gardama. Ya zauna ya sa ta, don maharbi ya san cikin bindigarshi kamar aljihun rigarshi. Ya ɗura. Amaryata ta iso da ƙwaryar fura a kai. Ya jingina bindigar jikin ginshiƙin rumfa, ya juya zai karɓi furar.

Ban ga wanda ya taɓa ta ba, don ba wanda ya taɓa ta. Ginshiƙin ya ɗan motsa, shi ke nan. Dum! Malafar Kaka ta yi sama. Karan rumfa ya kama hayaƙi. Ƙwarya ta kife, fura ta bi ruwan shinkafa. Na tsinci kaina kwance cikin laka, ban san sadda na kwanta ba.

Da na ɗago, Kaka na tsaye inda yake. Gefen gemunshi ya babbake. Tsakanin bakin bindigar da kunnenshi bai kai taƙi ɗaya ba. Amaryata ta zauna ƙasa tana ta salati.

Munka kashe wutar da ruwan gona. Ya cire kunamar, bai jefar ba, ya kamo hannuna ya sa mini ita a tafi ya rufe.

"Kai ma amaryarka ta sa a kunne. Bakura na ce maka."

Yinin nan jan-baki sunka cinye kusurwar gabas duka. Ina kallo zangarniya na komawa fara, ba komai ciki. Na rantse a raina ba ni ƙara ɗaukar fasinja ko ɗaya sai bindigar nan ta yi magana yadda ya kamata.

Laraba da hantsi ina maƙerar Bakura. Tsoho ne baƙi siriri, idonshi ɗaya ya yi fari, yana zaune gaban uwar maƙera yana gyaran lauje. Na durƙusa. Gaisuwa ta kai mu har lafiyar dabbobi da ruwan bara. Sannan na miƙa karyayyar kunamar.

Ya kai ta kusa da idon mai gani. "Aikina ne. Na maharbin Faru." Ya shafa ta da babban yatsa, ya tsaya a wani ɗan gurbi da ya lotsa ya yi sulɓi. "Ba tsufa ya karya ta ba. Yana lahiya dai?"

"Ƙalau, Baba. Sai dai murya."

"To ya taho."

"Ba ya barin gona, Baba. Jan-baki."

"To ba kunama."

Na ce ga tsohuwar, a auna a yi irinta. Ya ce wagga an yi ta ne ma wani mutum na shekara talatin da sunka wuce, shi bai san ko mutumin na nan ba. Shi ba ya ƙera kunama sai ya saƙala yatsanshi cikin na mai bindiga sun ja, ya ji ƙarfin. Haka ubanshi ke yi.

Na ciro waya. "Bari in kira shi ku yi magana."

"Yatsa na magana a waya?"

"In ɗauko hotonshi fa?"

"Ɗana, kai ɗan boko ne?"

"Rabi, Baba."

"Ai na gani. Da cikakke ne da ya yi shiru."

Na ƙi tashi. Na ce mishi gona ɗaya ta rage, an ci kusurwa guda, kuma ni na jawo. Na ba shi labarin ƙuda da malafa. Bai yi dariya ba, ya dai girgiza kai. Can ya ce akwai hanya, amma ba kowa yake ba ita ba, don masu kawo saƙon ƙarya sun fi yawa. In koma in saƙala yatsana cikin na Kaka, na hannun da yake harbi, in ce ya ja iya ƙarfinshi. In riƙe abin da na ji. In dawo in ja nashi daidai haka, kar in ƙara, kar in rage.

"In ka ƙara don ka fidda kakanka kunya, ka cuce shi. In ka rage, ka kashe shi. Ka iya?"

"Baba, ni da ke ɗauko mace da buhu biyu da akuya daga Mafara, yatsa ɗaya zai gagare ni?"

Na koma Faru da la'asar. Na ɗauka abin wasa ne. Da na faɗa ma Kaka, sai ya sa hannun dama cikin aljihu.

"Ka ce mishi yadda ya san ni haka nake."

"Ya ce sai an ja."

"Tsohon banza, mai ido ɗaya. Ka ce mishi haka nake."

Na lallasa, ya ƙi. Na ce lokaci na tafiya, ya juya yana jan igiyar gwangwani, da hannun hagu. A nan na lura tun Litinin da hagu yake jan ta. Sai na koma sana'ata ta gado, tsokana. Na dubi amaryata da ke zaune bakin rumfa na ɗaga murya.

"Amarya, kin gani ko? Mijin naki tsoro yake ji. Yau za a raba gardama. A ja yatsa, wanda ya kada wani shi ke da ke. In ya ƙi, ki haɗa kayanki, babur na nan."

"Wallahi ko yanzu," ta ce. "Na gaji da mai ƙonannen gemu."

Kaka ya juyo. "Kai? Kai da anka yi wankan jegonka gabana?" Ya miƙo hagu.

"A'a. Na harbi."

Sannan ya ciro na dama.

Na saƙala yatsana cikin nashi. Ya lanƙwashe, gaɓoɓin sun kumbura, ga sanyi duk da rana. Na ce ja. Ya ce ai yana ja. Na ga jijiyar wuyanshi ta tashi, na ga ya cije leɓe. Abin da ya iso wajena bai fi jan da jariri ke yi ma yatsan uwarshi ba. A wuyan hannunshi kuma akwai wani zane baƙi da ya zagaye, irin na igiya.

Amaryata ce ta yi magana, a hankali, ba ta kallon kowa. "Tun damina. Goro ma ni ke ɓara mishi. Igiya yake ɗaurawa a ƙarfen ya naɗe a hannu ya fizga. Na ce ya faɗa, ya ce in na faɗa ya sake ni."

Gurbin da maƙeri ya shafa ke nan. Abin da ya karya ta ke nan.

Ban saki ba. Na ce, "Tsoho, ba a gama ba. Wanga zagayen farko ne. Ƙaro na tsakiya, su biyu, ni ma biyu."

Ya ƙaro. Ya ja. To nan na ji mutum. Ba maharbin da ake ba mu labari ba, amma dai mutum, har gwiwar hannuna ta ɗan biyo shi. Na ce a ƙara, munka ƙara sau uku, ina rufe ido ina adana shi.

Da zan tashi ya riƙe rigata. "Kar ka gaya ma mai ido ɗaya."

"Ba ni buɗe baki."

"Rantse."

Na rantse.

Alhamis da sassafe na kama hanya. Wahalar ita ce hannun dama shi ke murza mai. Na riƙe da sauran yatsun, biyun nan na bar su miƙe a sama kar su sha wani ƙarfi su mance. Duk wanda na wuce sai ya ɗaga mini hannu, ya ɗauka gaisuwa nake. Wata mata da kwandon tumatir ta tsaida ni bakin hanya, na ce akwai fasinja. Ta duba baya ta ga ba kowa, ta ce Allah ya ba ka lahiya. A shinge anka tambaye ni mi na ɗauko, na ce saƙon kakana, anka duba ba a ga komai ba, anka ce wuce.

Duk hanyar zuciyata na raya mini in ɗan ƙara. Kaɗan dai. Wa zai sani? Mutumin da anka ce ya taɓa kada gyado da harbi ɗaya, in je in nuna ma abokin ƙuruciyarshi abin da ya rage? Sai in tuna igiyar. In na ƙara, kunama ta yi tauri, ya koma ma igiya, ta ƙara karyewa, ko ta fizge bindigar ta juya inda ba a so.

Maƙeri ya miƙo yatsa ba tare da ya aje guduma ba. Na saƙala ɗaya. Na ja yadda anka ja ni.

Ya jira. "Ja mana."

Na tuna rantsuwata, na riƙe jan yadda yake.

Ya aje gudumar. Ya dubi hannuwanmu, ya dubi fuskata. Ya ce, "Allahu akbar."

Sannan na ɗaga yatsu biyu, na nuna mishi shi ma ya ba da biyu. Na ja, na ƙara, na ƙara, sau uku kamar yadda munka yi. Ya gyaɗa kai.

"Mai faɗi za a yi, ta ɗauki biyu. Ba ni yi mishi mai laushi daidai ɗayan nan, iska sai ta ja ta." Ya nuna tarin ƙarafa a lungu. "Ka ce araha kake nema ko? Zaɓo karyayyar garma can. Kuma mai zugata ya tahi suna, zauna."

Na zauna bakin zugazugi. Wanda bai taɓa zuga ba ya ɗauka wasa ne. Kafin azahar kafaɗuna sun zama na wani, hayaƙi ya cika mini hanci, shi kuwa sai faɗa yake, a hankali, kai ba babur ba ne, ƙara, wa ya ce ka tsaya. Ya buga, ya goga da magagari, ya sa yatsu biyu ya gwada, ya maida wuta. Sau nawa ban ƙirga ba. Abin da ya fito baƙi ne, mummuna, mai faɗi kamar harshen saniya. Da an kai shi teburin Turawan nan da sun kira 'yan sanda. Abin da ya karɓa bai kai na mai ƙyallin ba, ya ce sauran na biya da kafaɗa.

"Ka ce mishi mai ido ɗaya na gaishe shi. Ka ce ni ma da hagu nake ɓara goro."

Kaka na ganin faɗinta ya gane. Ya ɗago ido.

"Ka gaya mishi."

"Wallahi ban buɗe baki ba. Tambayi Bakura duka."

"Ɗan nema."

Na isar da saƙon goro. Ya yi tsaki, amma na ga gefen bakinshi ya motsa. Ya zauna ya sa ta. Kafin ya ɗura na ce tsaya. Na karɓi bindigar ba komai cikinta, na juya bakinta wajen ruwa, na jingina ta da ginshiƙi, na girgiza rumfar, na buga ƙafa, na yi tari. Ko gezau. Amaryata duk da haka ta kwashe ƙwaryarta ta koma can bakin kwalbati.

Jan-baki sunka taso daga yamma wajen la'asar, baƙi ƙirin. Kaka ya miƙe, ya ɗaga bakin bindiga sama, ya sa yatsu biyu. Na ga ya ja numfashi. Dum! Hayaƙin tsuntsayen ya tsage biyu, ya naɗe, ya yi kudu. Ya sauke, ya dubi hannunshi, ya buɗe ya rufe. Ya kwance wata 'yar igiya daga ɗamararshi ya jefa cikin ruwa.

Sauran kwanakin na rage fita. In na yi safe a hanya, da rana ina gona, ni ke jan gwangwani da ihu, shi ke harbi. Anka yi yanka. Kusurwar gabas ba ta ba da ko tiya ba, ita wagga tawa ce, ban musu ba. Sauran ta shiga rumbu.

Ranar da anka gama sussuka na ce ma amaryata to ta haɗa kaya, ai ni na ci zagayen farko.

Kaka na kishingiɗe bisa buhu. "Na biyu fa?"

"Na biyu canjaras ne."

"Taho a ƙara. Biyu da biyu."

Na ce hannuna na ciwo, zugar Bakura ba ta sake ni ba. Mai ƙyallin kuwa tana nan, na ɗaura ta jikin makullin babur. Fasinja kan tambaya mi ne wanga, in ce ɗan kunnen amaryata ne, ta ƙi sawa.